Tsirkiya Ta Huɗu

Jirgin ƙasan bai gama barin tashar Stockport ba, Turai ta sake karɓe takardar kiɗan daga hannun ɗalibarta Zinatu, karo na uku ke nan.

"Shafi na bakwai," ta ce. "Nuna mini yatsunki."

Zinatu ta ɗora yatsun hagunta a kan hannunta na dama, ta mai da shi wuyan goge, ta taka su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya, uku, biyu, huɗu. Daidai da lambobin da Turai ta rubuta mata da fensir a saman layukan.

"Anti, it's fine. Na iya shi fa."

"Na ce ba ki iya ba ne? Sake."

Ta sake. Gogen nata, irin na Turawa mai tsirkiya huɗu da suke kira violin, yana tsaye cikin akwatinsa tsakanin ƙafafunta, ta ƙi yarda a ɗora shi sama tare da jakunkunan mutane. Shekarunta goma sha bakwai, kuma goma daga ciki a hannun Turai ta yi su, Litinin da Alhamis, a ɗan flat ɗin Turai da ke unguwar Hulme a Manchester. Ranar da aka fara kawo ta ko riƙe izga ba ta iya ba, sandar nan mai gashin doki da ake goga tsirkiya da ita. Riƙon muciya ta yi mata. Turai ce ta lanƙwasa mata ƙaramin yatsa da hannunta, wata shida cur, kafin ya zauna.

Wanda ya ga Turai a jirgin nan zai ce fargaba take yi wa yarinyar. Ina! Kishi ne tsagwaronsa, kuma ita ma ta san haka.

Kwana goma da suka wuce uban yarinyar, Dakta Sunusi, ya kira ta daga asibiti, yana magana yana tafiya kamar kullum.

"Malama, na yi wani karambani, ki yi haƙuri ban fara shawartar ki ba. Akwai wata babbar malama a Birmingham, na rubuta mata, ta yarda ta saurari Zinatu ran Asabar ta sama. Ashe ma 'yar Arewa ce, 'yar Kafanchan. Celestina Kambai. Ko kin san ta?"

"Na san ta," Turai ta ce.

"Madalla! To ni ina on call ranar, ke za ki kai ta don Allah. Kin san alkawarinmu da ita. In malama irin wannan ta ɗauke ta, na saki, ta je ta karanta kiɗanta. In ba ta ɗauke ta ba, bana za mu cike form na medicine, magana ta ƙare. Kakarta ma ta huta da yi mini waya daga Kano tana tambayar ko da gaske jikarta goge take yi."

Ya yi dariya. Turai ma ta yi, don ta ji ya kamata.

Ta san Celestina kuwa. Shekara uku suka yi suna kwana ɗaki ɗaya a tsofaffin benayen Hulme da aka rushe daga baya, lokacin suna kwalejin kiɗa. Turai tun tana 'yar shekara tara ubanta ya zo da ita Manchester karatu, makarantar firamare ta Moss Side ta miƙa mata goge kyauta, ta kama bai sake ta ba. Celestina kuwa da girmanta ta zo, a kan tallafin karatu, da rigar sanyi ɗaya tal. Su kaɗai ne masu jin Hausa a kwalejin, da ita suke gulmar malamai a gaban idonsu. Suka gama tare, suka nemi kujera ɗaya a wata babbar ƙungiyar makaɗa ta Birmingham. Celestina aka ɗauka. Da farko ana waya, ana aiko da kati, daga baya Turai ta daina amsawa. Yau shekara goma sha ɗaya rabon da su yi magana.

Ita Turai koyarwa ta kama, kuma ba ta yi da-na-sani ba, haka dai take faɗa wa mutane. Makarantu tara take zagayawa a mako, bayan motarta cike da ƙananan goguna na hukumar gari. Sai aka shigo shekarun nan na tsuke bakin aljihu. Aka rage sa'o'in laburare, aka rufe gidan matasa na bayan layinsu, ita kuma aka aiko mata wasiƙa mai ladabi ana gode mata. Ta kwashe gogunan ta mayar wani sito, ta ga an jibge su har rufi. Ɗalibanta na gida suka zame ɗaya bayan ɗaya, don iyaye ma ta kansu suke yi. Yanzu saura huɗu. Uku daga ciki in suna gogawa maƙwabcinta yakan ƙara muryar talabijin. Zinatu ce kaɗai in ta kaɗa, Turai take tuna cewa ita ma makaɗiya ce.

Ga shi yau ita da kanta ta ɗauko ta, ta yanki tikiti, za ta kai wa Celestina har gida.

Tashar New Street ta Birmingham duk an kewaye ta da katakai ana gyara, sai da suka yi zagaye biyu kafin suka sami hanyar fita. Iska mai sanyi ta watan Fabrairu ta tare su a bakin titi. Kwalejin da Celestina ke koyarwa ba nisa. Mai gadi ya nuna musu hawa na biyu, ɗaki na ƙarshe. A jikin ƙofar an kafa ɗan allo da sunan Celestina, Turai ta karanta shi har sau biyu, kamar za ta sami kuskure a ciki.

Ba su ƙwanƙwasa ba aka buɗe.

"Allah mai iko! Turai! Wallahi da na ga sunan malamar yarinyar a wasiƙa na ce sai na gani da idona. Bakanuwa, ashe kina duniya kika ƙi mutane?"

"Ke da kika zama manya, ina mu ina ku?"

"Ji ta! Halin nan dai yana nan."

Ta rungume ta. Celestina ta yi ƙiba, furfura ta fito mata a gaban kai ba ta ko rina ba, dariyarta kuwa tana nan yadda take, mai cika ɗaki. Turai ta so ƙwarai a ce ta tarar da ita ta zama mai girman kai, da abin ya zo da sauƙi. Idonta ya zaga ɗakin ba da izininta ba: fiyano mai tsawo, taga biyu, kafet mai kauri da ba maƙwabcin da zai buga bango. Falonta na Hulme zai shiga ciki sau biyu, har a sami wurin ajiye takalma.

"Ke ce Zinatu? Kina jin Hausa?"

"Ina ji, Ma. Mayarwa ne sai a hankali."

"Ba komai, gogen ya mayar. Me kika kawo mini?"

Abin da ta kawo shi ne babban kiɗan nan da ake kira konshato, wanda mai goge ɗaya ke tsayawa a gaba sauran makaɗa suna amsa masa. Wani Bajamushe ne ya rubuta shi shekara ɗari da wani abu da suka wuce, kashi uku ne, kuma duk mai son a ɗauke shi da muhimmanci a sana'ar sai ya bi ta kansa. Celestina ta ɗan ɗaga gira da ta ga takardar. Ta zauna gaban fiyano don ta tsaya a madadin sauran makaɗan. Turai ta sami kujera a lungu, ta rungume jakarta.

Zinatu ta shafa wa izga ƙaro, ta daidaita tsirkiyoyi, ta ɗaga kai. Ta shiga kashi na farko ba tsoro. Turai tana bin kowane sauti da numfashinta, ta san inda yarinyar takan yi gaggawa, ta san inda kafaɗarta takan tashi. Yau ba ta yi ko ɗaya ba. Celestina ta bar ta har ta kai ƙarshe, sannan ta juyo.

"To, to, to. Abu biyu kawai. Kina shiga kafin ki ja numfashi. Mai waƙa ba ya buɗe baki sai ya cika ƙirji, ke ma haka. Na biyu, wurin nan mai gudu, ba tsere ake yi ba, ki bari kowane sauti ya taka ƙasa kafin na bayansa ya zo. Sake daga nan."

Turai ta taɓe baki a ɓoye. Sau nawa ta faɗi maganar numfashin nan? Ya fi ɗari. Amma ga yarinyar tana gyaɗa kai, ido waje, kamar yau aka saukar da maganar daga sama.

Suka shiga kashi na biyu, mai tafiya a hankali. Ba a yi layi uku ba Celestina ta ɗaga hannu daga fiyano.

"Tsaya. Wa ke magana a nan?"

Zinatu ta saci kallon Turai.

"Kada ki kalle ta, ni na tambaye ki. In mutum ne yake wannan maganar, wane ne, kuma me ya same shi?"

"Someone sad. Wani mai kuka."

"A'a. Da kuka yake da ya fi haka ƙara. Wannan ƙoƙari yake kada ya yi kukan. Kin taɓa ganin babba a gidan rasuwa yana karɓar gaisuwa, yana cewa ku zauna, a kawo muku ruwa? Shi ne wannan. Rage girgiza yatsan, ya yi yawa. Ki ajiye shi sai wurin da muryar ta kusa karyewa."

Yarinyar ta sake, kiɗan ya canja nan take. Turai ta ji, kuma ba ta iya yi wa kanta ƙarya a kan abin da kunnenta ya ji. Abin ya yi kyau. Ita kuwa haushi ta ji.

Sai aka zo shafi na bakwai.

Zinatu ta kaɗa shi tsaf, ɗaya, uku, biyu, huɗu, ba kuskure ko ɗaya. Amma Celestina ta tashi daga fiyano, ta zo ta ɗauki takardar, ta sa tabarau, ta kai ta kusa da taga. Ta ɗan kankare wani wuri da farce. A ƙarƙashin lambar uku, wadda aka rubuta da fensir mai kauri aka kuma maimaita, akwai wata 'yar alama da aka buga tun asali. Mai kiɗan ne ya sa ta, yana cewa layin nan gaba ɗaya a kan tsirkiya ta huɗu za a kaɗa shi.

Tsirkiya ta huɗu ita ce mafi kauri, muryarta daga ƙirji take fitowa. In za a kaɗa wannan layin a kanta, dole hannun hagu ya bar mazauninsa ya zame can sama kusa da cikin gogen, tafiya mai nisa a bugu ɗaya, kuma babu wata alama a jikin katakon da za ta ce maka ka iso. Ko ka faɗa daidai, ko kowa a ɗakin ya ji ka zame. Lambobin Turai suna kauce wa wannan duka. Sai a tsallaka zuwa siririyar tsirkiya, hannu yana zaune a ƙasa lafiya lau. Sautukan ɗaya ne, muryar ce ba ɗaya ba.

Celestina ta dubi Turai ta saman tabarau. Kallo ɗaya, gajere.

Su biyu kaɗai suka san abin da ke cikin kallon. Shekara goma sha tara da suka wuce, a garin nan, wannan kiɗan suka kawo wurin neman kujerar nan. Turai ce ta fara shiga, Celestina tana jira a bayan ƙofa tana jin komai. Har shafi na bakwai Turai ba ta da na biyu, ita ma ta sani, alƙalan ma sun sani. Ta zame zuwa sama, yatsanta ya wuce wurin da kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Sautin da ya fito ba ya mantuwa. Daga nan komai ya watse mata, aka ce mata an gode. Tun ranar ba ta sake hawa wurin ba, ko ita kaɗai a ɗaki, kuma ba ta bar ɗalibinta ko ɗaya ya hau ba. In an tambaye ta takan ce hanyarta ta fi tsabta.

Ta jira Celestina ta tona ta. Ta ma shirya amsa. Celestina kuwa sai ta ɗauki kilina daga kan fiyano, ta share lambobin huɗu a hankali, ta hure takardar.

"Wannan hanyar ma tana kaiwa," ta ce wa yarinyar. "Amma bari mu gwada wata mu ji. Duka a kan ta huɗu. Kada ki kalli yatsanki, ba shi da ido. Ki ji sautin a kunnenki tukuna kafin ki tashi. Gwiwar hannu ce ke fara tafiya, yatsa ya biyo ta a baya. Ki sassauta izga a hanya, in kin iso ki sakar mata nauyin hannunki. In kin faɗi, kin faɗi, ba wanda zai mutu."

Zinatu ta sake satar kallon lungu. Sannan ta ja numfashi, ta ɗora izga.

Ta faɗa daidai. Bugun farko.

Sautin ya cika ɗakin, mai kauri, mai ɗumi, har Turai ta ji shi a kujerar da take zaune. Haka ta riƙa jin layin nan a kanta shekara goma sha tara, haka ya kamata ya fito daga hannunta a wancan ranar. Yau ga shi ya fito daga hannun yarinyar da ta raina, a ɗakin Celestina, bayan Celestina ta yi magana ta minti biyu. Minti biyu! Ita ta yi shekara goma tana lanƙwasa yatsu. Ta rasa wa ta fi jin ƙyashinsa cikin su biyun, malamar ko ɗalibar, kuma kunyar wannan tunanin ba ta rage shi da komai ba.

"Sake," Celestina ta ce. Ta sake, ta faɗa daidai. Sau huɗu ana yi.

Da sa'ar ta cika, Celestina ta ce wa Zinatu ta sauka ƙasa ta sha shayi, tana son gaisawa da tsohuwar ƙawarta. Ƙofa na rufuwa ta jawo kujerar fiyano ta zauna gaban Turai, gwiwa da gwiwa.

"Hannun damanta naki ne," ta ce. "Tana ɗora izga na gane. Tun muna Hulme nake ƙyashin hannun nan naki, har yau ban same shi ba, kuma ban iya koyar da shi ba. Ni sai an gama gina su ake kawo mini, ko an gama lalata su."

"Na gode," Turai ta ce. A ranta kuwa cewa ta yi, sadaka ake ba ni.

"Ina da gurbi ɗaya na Asabar, daga wata mai zuwa. In ta yi shekara a hannuna, duk kwalejin da ta nema za ta shiga. Ina son ta, ba zan ɓoye miki ba. Amma kin san yadda muke yi. Ba na ɗaukar ɗalibin wani sai malaminsa ya buɗe baki ya ce na ba ki. Uban ya rubuto, amma ba shi ya koya mata ba. Kuma in ta dawo wurina, ta dawo ke nan, ba a raba yaro tsakanin malamai biyu, rikita shi ake yi."

Turai ta sani. Al'ada ce da ba a rubuta ta a ko'ina ba, masu mutunci a sana'ar ne kawai suke riƙe da ita. Ta ga yadda abin zai kasance sarai. Nan da shekara biyar za a buga sunan Zinatu a takardar wani babban taro, a ƙasa a rubuta cewa ta yi karatu a wurin Celestina Kambai. Haka ake rubutawa kullum, sunan malamin ƙarshe. Ba wanda zai tambayi wa ya yi wata shida a kan ƙaramin yatsa. Litinin da Alhamis kuma za su zama kamar sauran ranaku.

"Ba ta kai ba tukuna," ta ji bakinta ya ce. "Yau sa'a ta yi. Akwai gyara da yawa. Sai baɗi."

"Baɗi? Uban ya ce bana ne ko babu."

"Zan yi masa magana."

Ba za ta yi ba, su biyun sun sani. Celestina ta daɗe tana kallon ta. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona wa Turai rai ke nan.

"To," ta ce. "Ɗalibarki ce, kin fi ni sanin ta. Zan riƙe gurbin zuwa Litinin." Ta yago 'yar takarda ta rubuta lamba. "Ko ba don wannan ba, ki kira ni. Na gaji da gulmar mutane da Turanci."

A jirgin komawa sun sami kujeru masu tebur a tsakani. Zinatu ba ta tambayi abin da aka ce ba, Turai ma ba ta faɗa ba. Tana ta shirya maganar da za ta yi wa Dakta Sunusi in sun koma Manchester. Malamar ta yaba, amma ta ce da sauran aiki. Zai yarda, ya yarda da ita shekara goma. Yarinyar za ta zama likita kamar ubanta, me ya fi wannan? Za ta riƙa kaɗa gogenta a gida in ta taso aiki. Kafin nan kuma akwai sauran shekara guda da rabi na Litinin da Alhamis. Ta juya maganar ta kowane gefe, kowane gefe ya yi kyau, amma ba ta daina juya ta ba.

Bayan sun wuce Wolverhampton, rana ta yi ƙasa, Zinatu ta ciro takardar kiɗan ta shimfiɗa a tebur. Ta buɗe shafi na bakwai, ta laluba aljihun akwati ta ciro fensir. Turai tana kallo ta gefen ido. A wurin da aka share, yarinyar ta rubuta ɗaya. Ta rubuta uku, ta maimaita shi ya yi kauri, ya rufe 'yar alamar.

"Me kike yi?"

"Ina mayar da naki, Anti. For Monday."

"Ba ki ji yadda ya fito ɗazu ba? Ko ba ki so shi ba?"

"Na so shi mana." Ta rubuta biyu. "Ba komai, as usual ne. Wancan a gida, naki a wurinki."

Turai ta ɗora hannu a kan takardar.

"Wane a gida?"

Yarinyar ta daskare, fensir a sama. Ta gane ta yi suɓul da baka, kunnuwanta suka yi zafi. Ta yi ƙasa da murya, Hausar da Turancin suka cakuɗe mata.

"Tun ina fourteen. Na ari wani copy a laburare, ba rubutun kowa a ciki, na ga alamar. Na gwada a ɗakina, kullum bayan makaranta, ya ɗauke ni kusan shekara kafin ya zauna. Sau ɗaya na yi shi a wurinki, ba ki tuna ba? Fuskarki ta canja. Kika yi mini faɗa, kika ce in tattara in tafi, lokaci bai ma cika ba. Da na kai ƙofa na waiwaya, na gan ki zaune kina kallon hannunki." Ta juya fensirin a hannunta. "I didn't know why. Na dai ga yana ɓata miki rai. So na daina yi a gabanki."

Turai ta tuna ranar. Taurin kai ta kira abin, har ta faɗa wa uban cewa 'yarsa ta fara jin kanta.

Ashe ba minti biyun Celestina ba ne. Shekara uku ne na yarinya ita kaɗai a ɗakinta a gidansu na Salford, tana hawa tana faɗowa, ba mai ce mata gwiwar hannu ce ke fara tafiya. Sannan sau biyu a mako ta shiga bas ta zo Hulme, ta tsaya a falon Turai ta kaɗa abin da ta san bai kai ba, don kada ran malamarta ya ɓaci. Duk wannan lokacin Turai tana ganin ita ke riƙe da yarinyar. Ashe lallaɓa ta ake yi, yadda ake lallaɓa mara lafiya.

"Sorry, Anti. Da ban faɗa ba."

Turai ta zare fensirin daga hannun yarinyar ta ajiye a gefenta. Ta buɗe jaka ta nemo 'yar takardar nan, ta ciro waya. Ta so ta kira, sai ta ga muryarta ba za ta ɗauka ba, don haka ta rubuta. Ta rubuta dogon bayani, ta goge. Ta rubuta wani, ta goge. A ƙarshe kalma uku ta tura: Na ba ki.

Amsar ta shigo kafin su kai Stafford. Ba ta buɗe ba, ta kifa wayar a tebur.

"Daga wata mai zuwa Birmingham za ki riƙa zuwa, kowace Asabar," ta ce, tana kallon taga. "Ta ɗauke ki. Ni zan faɗa wa Abbanki."

Zinatu ta rufe baki da hannu biyu. Murnar ta fito mata a ido kafin ta iya ɓoye ta, Turai ta gani a gilashin taga, kuma ya yi mata ciwo yadda ta san zai yi.

"Ke fa, Anti? Thursdays ko?"

"A'a. Ba a haɗawa."

Mai duba tikiti ya zo ya wuce. Can Turai ta juyo ta tura mata takardar.

"Ran Litinin ki zo kamar kullum, ki kwashe littattafanki. Kafin ki tafi ki kaɗa mini shafin nan yadda kike kaɗa shi a gida."

"Ba za ki ji haushi ba?"

"Zan ji," Turai ta ce. "Ki kaɗa."